Goro a Aljihun Manaja

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwana har na kai ranar da zan faɗi wannan.

Sa'adatu, Nasiru, Auta, wannan babin naku ne, kuma ba don daɗi na zauna rubuta shi ba. Ranar sunan ɗan Nasiru ina ɗaki ina dama wa mai jego kunun kanwa, sai na jiyo Sa'adatu a tsakar gida tana ce wa wata baƙuwa, "Ai mu 'yan Tambuwal ne, sai da aka kori babanmu daga aiki muka koma ƙauye." Ta faɗe shi a sauƙaƙe, kamar mai cewa jiya an yi ruwa. Ludayi ya kusa kuɓuce mini. Ban ga laifinki ba, ɗiyata, abin da kika tashi kika ji ke nan, kuma babanku da kansa ya hana a gyara zancen. To yau shi yana ƙasa, Inno kakarku tana ƙasa, Allah ya haskaka makwancinsu. Saura ni, ni kuwa kun san bakina ba ya ajiya. Ba a kori babanku ba. Ga yadda aka yi.

A shekarun nan shi ne manajan wani gidan mai a bakin titin Sakkwato. Mai wurin wani Alhaji ne da ke zaune a birni, ban taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai na sani ta waya, murya kamar ana jan garwa a kan tsakuwa. Sunan babanku na yanka Umaru, na rubuta shi tunda ba da baki na faɗa ba, amma a Tambuwal in ka ce Umaru sai a ce wane Umaru. Manaja kowa ke cewa, har limamin unguwarmu. Waya biyu gare shi, ɗaya ta Alhaji, ɗaya ta sauran bayin Allah, kuma ta Alhajin ko a masallaci ba a kashe ta, sai dai a rage mata murya. Ban san ranar da ya ci tuwona a zaune ba. A tsaye yake ci, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana cewa a auna tanki, a kira mai gyaran janareta, a raba masu ba da mai da suka yi faɗa, a ba ma'aikatan dubawa kujera da ruwan sanyi kafin ya iso. In na ce miyar ta yi gishiri ko ba ta yi ba, sai ya ɗaga mini kai, ya ce wa na cikin wayar, "To a ƙara." Ban taɓa sanin da wa yake ba.

Da aikin kaɗai ne da sauƙi. Abin da ya cinye shi saƙo ne. Babanku bai iya cewa a'a ba, ko da wasa, kuma duk dangin Fakku da na Kebbe sun gane ɗansu yana bakin titi, ga babur, ga mai ba ya yanke masa. Kafin ya fito da safe zaurenmu ya cika. Wannan a sayo masa maganin hawan jini, wancan fulogin injin ban ruwa, wata tana son a nemo mata irin atamfar da 'yar uwarta ta yi anko da ita, wani rediyonsa ce ta daina magana. Har ya ƙirƙiro wata dabara da yake taƙama da ita. Ba ya karɓar saƙo da baki, sai ka ba shi alama. Mai magani ya kawo tsohon kwalin, mai atamfa ta yago ƙyalle, mai inji ya kawo mataccen fulogin, shi kuma ya zuba su duka a aljihun rigarsa. Duk inda ya samu sararin numfashi sai ya tura hannu, abin da ya fara taɓawa shi zai yi, in ya yi ya jefar da alamar. Aljihu ya zama wayam, aiki ya ƙare. Yana tafiya yana ƙara kamar jakar maƙeri. Nakan ce masa, "Manaja, wata rana kai kanka sai an sa ka aljihu kafin ka dawo gida." Sai ya yi dariya, in dai wayar ta bar shi ya gama dariyar.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Inno, don ku kun san ta ne da tsufa, tana ba ku ƙuli tana zolayar Nasiru mijinta. Babanku ɗan farinta ne, ita kuma ta ɗauki kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba ta rage komai ba. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa wa bango. In tana da magana da shi ni take kira, ni da ta raɗa wa Ta Jabo saboda garinmu, ta ce, "Ta Jabo, ce ma wancan damina ta kusa." Yana zaune kusa da ni yana ji. In baƙo ya tambaye ta shi wane ne, cewa take wani ɗan garinmu ne. Mu duka mun saba, har dariya muke yi. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai ranar da wannan kunya za ta zaunar da ita a rana.

Shekarar da aka haifi Auta ne, cikin bazara, zafin da ko kaza ba ta yawo. Gari kuma ana wahalar mai, gidajen mai sun bushe, 'yan bumburutu sun cika bakin titi da galan, Alhaji yana kira dare da rana yana cewa tanka na hanya. Inno ta zo daga Fakku ganin jaririya, muka lura tana laluben ƙofa kafin ta shiga. Ashe yanar ido ce ta rufe mata gani. Babanku ya ce sai an kai ta asibiti ranar da masu duba ido ke zuwa. Da ni ce zan raka ta, to ina cikin jego, ban yi arba'in ba, ba halin fita. Da safen nan tana zaune a tabarma tana jin masu saƙo suna miƙo alamominsu, yana cewa, "Kawo in sa aljihu, abin da ke aljihu ba ya ɓata." Da aka zo tafiya ta ce ita ba za ta hau bayan wancan ba. Aka kira mata ɗan kabu-kabu, babanku ya bi su a baya. Na tsaya bakin ƙofar ɗaki ina kallon farin lulluɓinta har suka fice.

Azahar ta yi ba su dawo ba. Na ce layin asibiti ne. Na rufe mata tuwonta, na kira wayoyinsa, duka biyun ana magana. La'asar na sake kira, ya ɗauka, ban ji komai ba sai hon da hayaniya, ya ce, "Ina zuwa, ina zuwa," ya kashe. Na ce a raina to suna tare, wataƙila ya zaunar da ita a ofishinsa inda akwai fanka.

Rana ta yi ja ya shigo, babur ɗauke da kaya har bisa tanki, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana warin fetur, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ya kafe babur ya ce:

"Ta Jabo, yau ki yi mini barka. Tanka ta sauka, an sayar, ba a fasa kan kowa ba. Kuma duba nan."

Ya zaro aljihunsa waje, na dama da na hagu, ya kakkaɓe. Ko zare babu.

Na ce, "Barka. Inno tana zaure ne?"

Ya ce, "Wace Inno?"

Na rayu shekaru bayan wannan, na ga mutuwa, na ga gobara a rumbu, amma ban taɓa jin abin da ya kai kalmomin nan biyu muni ba. Da gaske yake tambaya. Ya tsaya yana kallona da aljihu a waje kamar kunnuwan akuya, yana jiran in gaya masa wace Inno. Sai na ga abin ya iso masa. Ba ihu ya yi ba. Bakinsa ne ya buɗe, fuskar ta yi fari kamar an shafa toka, ya dafa babur, kayan mutane suka zube, kwalbar wani magani ta fashe a ƙasa ba wanda ya dube ta. A hankali ya ce, "Icce. Na aje ta ƙarƙashin icce." An ɗiga mata magani a ido, an ce ta jira ya ratsa kafin a sake dubawa, ya fito da ita bakin ƙofar asibiti ya zaunar a inuwar dogon yaro, wayar Alhaji ta yi ƙara cewa tanka ta iso. Ya ce mata yanzu zai dawo. Tun hantsi ke nan.

Ban san sa'ad da na saɓa Auta a baya ba. Mai jego ba ta fita, kowa ya sani, ni ma na sani, amma na tsinci kaina a bayan babur, mayafi a karkace, shi kuma ko hula babu. A hanya mutane na ɗaga masa hannu, "Manaja, gobe akwai mai?" Bai ji su ba.

Muka isa gindin dogon yaron, ba kowa. Sai wata mai fura tana haɗa ƙoranta za ta tashi, Tumba sunanta, daga baya mun zama ƙawaye har ta rasu. Na ce mata, baiwar Allah, ko kin ga wata tsohuwa mai farin lulluɓi? Ta dube ni, ta dubi babanku, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Manaja, kai na ɗan garin nasu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce:

"Tun hantsi take nan. Nac ce Inna, wa yak kawo ki, tac ce wani ɗan garinmu. Nac ce mi as sunanai a kira shi, ga masu waya nan birjik, tac ce shina zuwa. Nac ce to ina yake aiki, tac ce shina zuwa. Rana ta juya, inuwa ta gudu ta bar ta, nac ce ta matso nan wajena, tac ce a'a, nan anka aje ta, kada ya zo bai ishe ta ba. Ga ido ba ya gani, maganin ya sa mata hazo. Da ƙyar ta karɓi ruwa tai alwala."

Babanku ya ce, "Tana ina?"

Tumba ba ta gama ba, kuma ba mace ce da ake katsewa ba. Ta nuna wani kemis a tsallaken hanya, kusa ƙwarai, in ka yi tari a nan za a ji a can.

"Ai ka zo nan bayan azahar. Kat tsaya gaban kemis ɗin can, kaf fiddo wani kwali daga aljihu, kana waya kana faɗa da wani kan janareta. Da taj ji muryarka na ga ta ɗaga kai, ta gyara lulluɓi, ta laluba takalmanta ta sa. Nac ce Inna, shi na? Ba ta ce komi ba. Kat tada babur kat tafi. Ta daɗe da takalman nan a ƙafa kafin ta tuɓe su."

Na ji Auta ta yi mini nauyi a baya kamar dutsen niƙa. Ku duba fa, 'ya'yana. Tana jin muryar ɗanta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai daga ɗakina zuwa rijiya ba, kalma ɗaya za ta faɗa ya waiwayo. Ba ta da kalmar. Sunansa ba ya fita bakinta, Manaja kuwa ba ta taɓa cewa ba, in kuma ta ce wa mai fura shi ne, ta tona masa asiri cewa ga mutumin da ya manta uwarsa. Sai ta sa takalmi ta jira ya gan ta. Shi kuma ya sayi maganin wani, ya jefar da kwali, ya wuce.

Tumba ta ce bayan la'asar tsohuwar ta roƙe ta ta kama mata hannu zuwa tashar motocin Kebbe. Can muka same ta, a kujerar baya ta wata tsohuwar bas da ba ta cika ba, ta haɗa hannuwa a cinya, leɓɓanta sun tsattsage. Babanku ya durƙusa a ƙasa bakin ƙofar motar, cikin baƙin mai da ɓawon rake, mutumin da direbobin tashar nan ke yi wa fadanci saboda lita ɗaya.

"Inno, ni na. Ku yafe mini."

Ta juya fuska wajen taga. Mutane suka fara taruwa. Ɗan kamasho ya matso yana cewa, "Manaja, wagga tsohuwa taka ta? Tun ɗazu muke tambaya ɗan wa za mu kira, ta ƙi faɗi." Nan Auta ta tsala kuka. Inno ta juyo da sauri.

"Kukan wa nika ji? Ta Jabo, ke ta?"

Na ce ni ce, Inno.

"Da ɗanyen jiki? Bisa babur? Wa yaf fito da ke? Kawo ta nan."

Na kwance Auta na miƙa mata. Ta rungume ta, sannan ta ɗaga murya yadda duk tashar za ta ji, ita da ko a biki ba a jin muryarta:

"Ku watse, ba abin kallo. Ni nac ce ya tafi wajen aikinai. Ni ka son shan iska."

Shan iska, a bazarar Tambuwal. Ba wanda ya yi dariya. Suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu sun yarda, wasu sun yi kamar sun yarda. Ta sauko saboda jaririya, muka koma gida. Ta sha ruwa, ta taɓa tuwo kaɗan. Babanku ya tsaya bakin ƙofar ɗakin ya ce in roƙa masa gafara. Na roƙa. Ta ce, "An ɗora miki ruwan wanka kuwa?" Iyakar amsar ke nan.

Da gari ya waye ta ce gida za ta, idon ya jira. Ba wanda ya isa ya hana. Tana shirin fita ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zanenta, ta fiddo goro guda, fari, babba, har ya fara yaushi.

"Tun daga gida niz zo mai da shi, ban samu hannun ba shi ba. Ki sa mai aljihu. Na ji an ce abin da ke aljihu ba ya ɓata."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Na karɓi goron da hannu biyu. Bayan motarsu ta tashi na same shi a zaure, masu saƙo sun fara taruwa kamar kullum, na ja shi gefe na faɗa masa yadda ta ce, na sa masa a aljihu. Ya dafe wurin da tafin hannu kamar an soke shi.

Daga ranar babanku bai sake zama daidai ba. Ya ci gaba da zuwa aiki, ya ci gaba da karɓar alamomi, amma duk sa'ad da ya tura hannu aljihu goron yake fara taɓawa. Wani mai ba da mai ya gaya mini sun sha ganinsa tsaye tsakiyar fili, motoci na hon, shi yana kallon goro a tafin hannu. Kowane saƙo yana da inda ake kai shi a jefar da alama a huta. Wannan ina za a kai shi? Ba ya ciwuwa, ba ya yarduwa. Ya je Fakku ranar wata Juma'a ya durƙusa ya sake roƙo, ta amsa wa bango cewa an gode da zuwa. Ya dawo ya ce mini:

"Ta Jabo, ban san inda nike ba. Da can ba ta yi mini magana, yanzu ma ba ta yi mini magana. Ta ina zan gane wane shirun na kunya, wane na fushi?"

Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Hadarin farko na haɗuwa a gabas, sai ga shi ya shigo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a tabarma, ya ce in kawo abinci. Ya ci a zaune. Ina kallonsa ina jin wani abu ya ɓace a gidan, sai can na gane shiru ne, ba wayar da ke ƙara. Ya wanke hannu ya ce ya je birni ya mayar wa Alhaji makullai da wayarsa, kuma kafin shuka za mu koma Fakku, gonar mahaifinsa na nan.

Kada ku ɗauka na yi tafi. Na ce mu ci mi? Na ce ni da na baro ƙauye na samu famfo a tsakar gida da fitilar da ba ta son kananzir, a ce in koma jan guga? Na ce ga Sa'adatu malamanta na yabonta, ga Nasiru zai shiga aji. Na ce a rage saƙon mana, a ɗauko Inno ta zauna da mu. Ya bar ni na zazzage duka, sannan ya ce:

"Inno ba ta barin ɗakinta, kin sani. Ni kuma na san kaina. In wayar nan tai ƙara ba ni ganin kowa. Na tsaya kusa da wadda ta haife ni ban gan ta ba. In na zauna nan, wata rana ke zan aje ƙarƙashin icce, ko ɗiyan nan."

Na haɗa kaya, amma ban daina kuka ba sai da muka wuce Kebbe.

Alhaji bai ji daɗi ba, kuma mutane ba su taɓa ganin wanda ya ajiye irin wannan kujera da kansa ba, sai zance ya bazu cewa korarsa aka yi. Har da masu cewa ai dama. Waɗanda suka fi yaɗa shi su ne masu cika mana zaure da kwalaye. Na so in bi gida gida in wanke shi, ya hana. Ya ce, "Inno ta rufa mini asiri gaban mutanen tasha. In na faɗi dalili na ƙaryata ta. Bar su su ce an kore ni, ya fi mini sauƙi." Haka ya ɗauki sunan korarre ya rataya, har ku 'ya'yansa kuka gada.

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Hannun da ya saba da makulli ya kama kalmen noma, ya yi kanta ya fashe. Geron shekarar farko bai kai mu ko'ina ba. Babur ya tafi. Sa'adatu, ke kika fi kowa biya, makarantar da kika samu a can ba ta kama ƙafar wadda kika bari ba, na sani, shi ma ya sani, ya sha faɗa mini. Inno kuwa da ta ga kayanmu a ƙofar gida abin da ta ce kawai, "Ta Jabo, wa yac ce ma wancan ya bar aikinai?" Ta shige ɗaki. Bayan kaka ya sake kai ta wajen masu ido, ya zauna kusa da ita daga safe har aka gama, aka cire yanar, ta dawo tana ganin ƙwayar gero a ƙasa. Duk da haka bango take amsa wa. Goron yana aljihunsa, in na wanke riga ya mayar da shi cikin wata. Ya bushe, ya yi ja, ya koma baƙi.

Sai damina ta biyu. Da safe ne, ina daka a bayan rumbu, ku kuna makarantar allo, Auta na barci. Babanku ya saɓa kalme zai tafi gona, ya bar malfarsa rataye a kan danga. Inno tana ƙofar ɗakinta tana tsintar wake, da sabon idonta ta hango malfar. Na gan ta ta waiga dama, ta waiga hagu, tana neman wanda za ta aika. Ni rumbu ya kare ni, ba ta gan ni ba. Shi kuma har ya kai bakin zaure. Na ga bakinta ya motsa ba abin da ya fito. Sai na ji, ƙasa ƙasa:

"Mai goro."

Bai ji ba. Ta ajiye faifan, ta ƙara murya.

"Mai goro. Ka mance malfarka."

Taɓarya ta tsaya mini a sama. Babanku ya tsaya cak, bai juyo nan da nan ba, kamar mai tsoron in ya juyo zai tarar ba da shi ake ba. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya uku, ranar ce farkon ranar da uwarsa ta kira shi. Ya jingine kalme, ya dawo, ya ɗauki malfar, ya zo gabanta ya durƙusa. Ita ta mayar da ido kan wakenta. Ya kifa malfar a fuskarsa ya daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa. Da abin ya yi mata yawa sai ta hango ni ta gefen rumbu, ta ce:

"Ta Jabo, ashe kina nan. Ce ma wanga rana na yi."

Ya tashi yana dariya da jiƙaƙƙen gemu ya tafi gona. Bai sake roƙon gafara ba, ba kuma wanda ya sake tayar da zancen. Amma daga ranar, in tana son ruwa ko tana son a gyara mata danga, ba ta nemana. Sunan ya fita gida ya bi gari, har yaran Fakku suka tashi ba su san wani Manaja ba sai Mai Goro. Nasiru, ka taɓa tambayata ko babanku ya yi fataucin goro ne, na ce maka je ka tambaye shi, shi kuma ya ce maka guda ɗaya ya taɓa saya, da tsada. To ga shi ka ji.

Ranar da ya rasu, da aka miƙo mini rigar da aka cire masa, na ji abu mai tauri a aljihu. Yana nan cikin adakata, ƙunshe a ƙyallen farin lulluɓin Inno, ya ƙanƙance ya zama kamar tsakuwa. Duk wanda ya zo cikinku zan nuna masa, amma ba zan bayar ba sai na bi su.

Sa'adatu, in wata baƙuwa ta sake tambayarki abin da ya mayar da ku ƙauye, kada ki ce an kori babanki. Ki ce mata ya je jiran kira ne, kuma an kira shi. Allah ya jiƙansu su biyu, ya sa in tawa ta zo in same su wuri ɗaya, a inuwa.